Hoton Da Aka Haɗa A Kife

Gidanmu bene ne na haya, irin wanda in na ƙasa ya yi atishawa na sama ke ce masa sannu. Ni ina hawa na biyu, kuma bango ɗaya ne ya raba ɗakina da falon Mai Agogo da matarsa. Ban taɓa kasa kunne da gangan ba, Allah shaida. Gadona ne aka jingina da bangon, ni kuwa ba ni da ƙarfin jan gado. Yaran gidan suna ce mini Gwaggo Rediyo. Na yafe musu, tunda iyayensu ne ke zuwa su murɗa ni.

Mai Agogo ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wani ɗan shago bakin titi, gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tonon cikin agogunan mutane. Daga baya idanun suka ce sun gaji. Da fari hazo-hazo yake gani, sannan abin ya rufe ruf. Ya dawo gida ya zauna, hannuwansa a kan cinya suna motsi su kaɗai kamar masu neman aiki. 'Yarsu tilo, wadda duk gidan ke kira Nas saboda aikin asibiti take yi, ita ta kawo masa wasan haɗa hoto. Hoto ne a jikin kwali, an yayyanka shi gutsi-gutsi, kowane gutsure da kunnuwansa da ramukansa, sai ka zauna ka mayar da kowa gidansa. Ta ce wai yana kwantar da hankali. Na ce a raina, a yayyaga abu da gangan sannan a ba ka ka ɗinke, lallai wanda ya ƙago wannan ya raina mutane.

Duk ƙarshen mako Nas kan zo da mijinta. Shi a maɗaba'a yake aiki, farcensa kullum baƙi, shi ya sa na laƙaba masa Tawada, sunan kuwa ya bi shi. Su zagaye teburin falo su huɗu, ni kuma in shigo aron ashana in manta da komawa. Ana cikin haka wata rana Mai Agogo ya daki tebur.

"Ku kife su," ya ce.

Nas ta ce, "A kife kuma, Baba? Ta yaya za mu gane?"

"Yadda ni nake ganewa. Ku kuna kallon sama da bishiya, ni kuna miƙo mini na gefe kamar yaron goye. A kife su, mu zama ɗaya."

Tun daga ranar ba a sake haɗa hoto a gidan nan fuska sama ba. Ya sa aka zubar da murfin kwalayen don kada wani ya leƙa, shi da kansa yake juye gutsattsarin cikin gwangwanin biskit. Bayan kwali ne kawai a gabanka, ruwan toka, babu ja babu kore, sai yatsa ya gaya maka gaskiya. Kowa daga gefe yake farawa, ban da shi. Shi tsakiya yake kamawa, ya yi ɗan tsibirinsa, ya yi ta faɗaɗa shi har ya tarar da na mutane. Teburin kuma yana da ƙafa ɗaya gajera ta wajen kujerarsa, duk sanda gutsure ya shiga ya danna shi da babban yatsa, sai ƙafar ta daki ƙasa, gwaf. Daga kan gadona ina iya sanin ko yau aikin na tafiya.

Ranar da aka gama ita ce ranar daɗi. Da ma a kan allo ake haɗawa, sai a ɗora wani allon katako a kai, Tawada ya kama nan, Nas ta kama can, a juya. Sai matarsa, ƙawata Uwar Nas, ta gyara zama ta gaya masa abin da ya fito. Matar nan kuwa ta iya ƙarin gishiri.

"Gida ne fari a gindin dutse. Ga rafi. Ga wata akuya kuma ta leƙo ta taga tana hararar ka."

"Rediyo," ya ce, yana juyo da fuska wajena, "tsakaninki da Allah, akwai akuya?"

"Ni dai ban gan ta ba, amma na ji warinta."

Ya yi dariya har da tari. Ya san ƙarya take yi, ita ma ta san ya sani, a haka suka tsufa.

Wata rana da hantsi ya rasu, a zaune a kujerar nan, Allah ya jiƙansa. Sabon hoto ne a kan teburin, ba a daɗe da farawa ba. An ɗan ja gefe ɗaya, tsibirinsa kuwa bai fi tafin hannu ba. Ba wanda ya san abin da ke ƙasa.

Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, Nas ta share wa uwarta ɗaki a gidansu, ta sa labule sabo, ta zo ɗaukarta. Uwar Nas ta ce ba inda za ta. Nas ta miƙa hannu za ta tattara kayan teburin, uwar ta riƙe mata wuyan hannu, riƙon da na ga shatinsa daga inda nake tsaye.

"In kika taɓa, ban yafe ba."

Nas ta fita tana kuka a matakala. Ni na zauna, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma ina son jin ƙarshen zancen.

Ƙawata ta sauya mini a kan idona. Ta daina leƙowa baranda mu yi gulmar matar mai gidan hayarmu. In na kai mata abinci, da yamma in tarar ya sandare a kwano. Wuni take yi a gaban teburin, idanunta a rufe, hannunta a cinya, ba ta taɓa ko gutsure ɗaya. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa.

"Ke 'yar nan," na ce mata, "buɗe idonki. Makanta ba gado ba ce da za ki ce ya bar miki."

"Yi shiru, Rediyo. Yana aiki."

"Wa?"

Ta nuna tsibirin da haɓa. Na duba. Ni dai na san tafin hannu na bar shi, yanzu ya kai faranti.

"Ke kike haɗawa ki manta," na ce. "Tsufa ne. Ni jiya na sa takalmina a firji."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Shekara da shekaru ni nake gaya masa abin da ke cikin hoto. Wannan karon shi zai gaya mini. In ya gama aka juya, zan ga abin da yake so. In ya ce in zo, zan je."

Yadda ta faɗe shi, kamar mai cewa za ta leƙa kanti, shi ya tsorata ni. Na taɓa ganin tsohuwar da ta yi irin wannan shiri, ba ciwon kai ba zazzaɓi, ta kwanta kawai ta bi mijinta. Na san in abin nan ya ce mata zo, Nas labulenta kawai za ta ci gaba da kallo.

Ba a jima ba jiri ya kwashe ta a ƙofar banɗaki. Nas ta kai ta asibiti aka ɗaura mata ruwa, aka ce sai ta kwana biyu. Aka bar mini mabuɗi don in riƙa buɗe taga iska ta shiga. Kun san dai an ba kura ajiyar nama. Ina shiga na nufi teburin, na ciro kwallina daga jaka, na bi gutsattsarin da ke bakin tsibirin na ɗiga wa kowanne baƙin ɗigo. Na ce to, gani ya kori ji. Na kulle ƙofa, na ɗaure mabuɗin a bakin zanena.

Washegari da tsakar rana, gidan ya yi tsit, masu aiki sun tafi aiki, yara suna makaranta, rana ta take har kwalta na ƙyalli. Ina kishingiɗe ina tsintar shinkafa a tire.

Gwaf.

Na tsaya. Na ce ƙila na sama ne ya yar da wani abu. Na ci gaba da tsinta. Can an ɗan jima, daidai gwargwadon yadda mutum zai laluba gwangwani, ya juya gutsure a yatsa, ya gwada nan ya gwada can.

Gwaf.

Mai hankali da sai ta toshe kunne. Ni na kwance mabuɗi. Falon yana nan yadda na bar shi, haske fal, labule ko motsi ba ya yi. Kujerarsa ce dai ta ɗan ja baya kaɗan, kamar yadda yake zama don cikinsa ya sami wuri. Wani ɗan wari kuma na tashi, irin na man da ake ɗiga wa agogo. Na matsa. Ɗigon kwallina duk suna nan, amma ba su ne a baki ba yanzu. An wuce su da layi biyu, ta wani wajen har uku, kowane gutsure ya zauna daram.

Ban san sanda bakina ya ce, "Sannu da aiki," ba. Na fita da baya, na kulle, na sauka ƙasa wajen mai kanti na zauna a benci har la'asar ina yi masa hirar da ban san kanta ba.

Da Nas ta zo ɗaukar wa uwarta kaya na tare ta a matakala na zayyana mata.

"Gwaggo," ta ce, "ke ma in ɗaura miki ruwan ne?"

"Ɗaura wa ubanki, shi ne bai huta ba."

Ta harare ni. Tawada, da yake tsaye a bayanta da jaka, ya ce shi bai san komai game da wannan ba, abin da ya sani shi ne tsohuwa ba za ta ci abinci ba sai an juya allon nan. To a taru a gama mata shi, kowa ya huta.

Ranar da aka sallamo ta muka zauna. Ba wanda ya zauna a kujerarsa, ba kuma wanda ya ce kada a zauna. Uwar Nas ta yarda mu yi gefe, amma ta ce kada hannun kowa ya shiga tsakiya. Muka yi ta laluba. Ni da ma ban iya ba, nakan danna da ƙarfi in ce ya shiga, Nas ta cire ta ce, "Gwaggo, ba dambe ake yi ba." Muna cikin haka Tawada ya ɗago wani gutsure ya tsura masa ido.

"Kusurwa ce," ya ce.

"To sa ta mana."

"Ina? Huɗun duk suna wurinsu."

Muka dubi allon. Haka ne kuwa, kowace kusurwa da mai ita. Ya sake zura hannu ya tono, sai ga wata. Na ce, "Wane irin hoto ne wannan mai kusurwa shida? Ni fa zan tafi, na bar tukunya a wuta." Ban bar komai ba.

Tawada ya ɗora sabuwar kusurwar a kan tsohuwa, suka hau juna cif kamar tagwaye. Sai ya yi ajiyar zuciya har da 'yar dariya.

"Na gane. Hoto biyu ne a gwangwanin nan. A wajen aikinmu ma haka ake yi, wuƙar inji ɗaya ce ke yanka hotuna iri-iri, yankan duk ɗaya. Baba ya juye leda biyu wuri guda bai sani ba. Kowane gurbi a allon nan gutsure biyu ne ke shigarsa, ɗaya na wannan hoto, ɗaya na wancan. Mu kuma a kife muke yi."

Nas ta ce, "To me zai fito?"

"Kwamacala. Kan jaki, jikin mota."

Nas ta juya wajen uwarta da sauri, murya a sanyaye. "Kin ji ko, Inna? Ba saƙon kowa a ciki. Kuskure ne kawai. Mu bar shi haka mu tafi gida."

"A ci gaba," in ji Uwar Nas.

Muka ci gaba. Ya ɗauke mu zuwa da komowa, don Nas na da aiki, Tawada ma haka. Duk zuwan da za su yi kuwa sai mu tarar tsakiya ta matso ta tarye mu. Ba wanda ya ƙara tambaya. Ni da ake cewa bakina ba ya rufuwa, ko matar mai gida ban gaya wa ba, har ta aiko a tambaya ko ba ni da lafiya.

Wata safiya gefe da tsakiya suka haɗu. Nas ce ta sa na ƙarshe. Gwangwanin kuwa yana nan da rabinsa. Uwar Nas ta yi wanka, ta sa tufafinta masu kyau, ta shafa turare. Wannan kwalliyar ta fi komai tayar mini da hankali, don ban san ta tafiya ina ba ce.

Aka ɗora allo. Tawada ya kama nan, Nas ta kama can.

"Inna," Nas ta ce, "ko me ya fito, kwali ne fa."

"Juya."

Suka juya, suka ɗage allon sama.

Tawada bai yi ƙarya ba. Hoto ɗaya titin kasuwa ne cike da mutane, ɗayan kuma teku ne, ruwa shuɗi har iyakar gani. Sun cakuɗe. Ga kan mutum yana yawo a kan igiyar ruwa ba jiki. Ga mai tura baro, rabin baronsa ya nutse. Ga rumfar mai lemo, ruwa ya cinye mai lemon ya bar hannunsa yana miƙa canji. Duk inda hannunmu ya taɓa haka yake, ɗigon titi ɗigon ruwa, kamar garin da ambaliya ta ci ana tsakiyar ciniki.

Ban da tsakiya.

A tsakiya mace ce ɗaya, cikakkiya, tun daga ɗankwali har takalmi, ba inda ruwa ya taɓa ta. Jaka a kafaɗarta, ta ɗaga ƙafa za ta taka, kuma titin da ke gabanta a bushe yake, shimfiɗe, har inda tsibirin ya ƙare. Ta ɗan juya kai tana yi wa na kusa da ita magana. Amma a kusa da ita ba kowa. Ruwa ne zalla, tsayin mutum, faɗin mutum, a tsaye. Ko bakin rigarsa babu, ko ɗan yatsa.

Tawada ya sunkuya ya ɓamɓaro gutsure ɗaya daga kafaɗar matar, ya juya bayansa. Ga ɗigon kwallina. Ya mayar a hankali.

"Sa'a ce," in ji Nas.

"Wataƙila," ya ce. "Mu dai da idonmu biyu-biyu ba mu jera uku a jere daidai ba." Ya tashi ya shiga kicin, na ji ya buɗe famfo ya daɗe yana wanke hannu.

Uwar Nas ta daɗe tana kallo. Sannan ta gyara zama, ta fuskanci kujerar, ta yi gyaran murya yadda ta saba.

"Kasuwa ce, ruwa ya ci ta. Akwai wata mata a tsakiya, tana tafiya a busasshiyar ƙasa. Tana ta yi wa mijinta surutu, ba ta lura ba ya nan ba." Ta tsaya. Na jira ƙarin gishirin, bai zo ba. "Ba ka ciki. Ka cire kanka tas."

Ana jin mota na wucewa a ƙasa, wani yaro na kiran wani.

"To," ta ce. "Na ji. Da ma kai ba ka iya cewa abu da baki ba."

Sai kukan ya zo mata, wanda ba ta yi ba tun ranar rasuwar, mai ƙarfi, har Nas ta rungume ta suka yi tare. Ni ma na taya su kaɗan, kada a ce ba ni da zuciya. Da ta share fuska, abin da ta fara cewa shi ne, "Rediyo, akwai wani abu a tukunyarki? Kada ki kawo mini wannan miyar taki mai gishiri kamar hawaye." Ta cinye kwano guda tana kushewa.

A ranar suka tafi da ita. Tawada ya wargaza allon da hannunsa ya zuba a leda, ta ce a ba yaran ƙasa su yi wasa, fuska sama. Saura gwangwanin. Nas ta ɗauka za ta jefa a shara, uwar ta karɓe, ta danna murfin ta rufe, ta miƙo mini a bakin matakala. Yana ta kacau-kacau a hannuna.

"Shi yana nan ciki," ta ce a hankali, yadda 'yarta ba za ta ji ba. "Shi da sauran ruwan. Ba zan shiga gidan yarinya da shi ba. Ki ajiye masa. Kada ki buɗe."

"Ni? Ni da ban iya riƙe magana ba za ki ba riƙon gwangwani?"

"Shi ya sa. Ke ba zai yi kewa ba."

Ta sauka tana dafa bango, Nas na riƙe da jakarta. Ba ta waiwaya ba.

Yanzu tana can, ta yi ƙiba, ta kori 'yar aiki, kullum cikin faɗa da Tawada a kan labarai take. Nakan kira ta in ba ta rahoton gidan, ita kuma ta ba ni na unguwarsu. Ba ta taɓa tambayata ajiyarta ba, ni ma ban taɓa ɗauko zancen ba.

Gwangwanin yana saman kwabata, bayan akwatin da ba na buɗewa. Na cika alkawari, abin da ni kaina ya ba ni mamaki. Kwanan baya dai ina kakkaɓe yanar gizo-gizo, na sauko da shi don in goge ƙura. Nauyinsa na nan yadda yake. Ban buɗe ba, na dai ɗan girgiza shi kusa da kunnena.

Bai yi ƙara ba.

Na mayar da shi inda yake, na ɗora akwatin a kansa.